Zoben Jan Dutse

A shekarar da soja suka koma bariki ina sana'ar wanki da guga a Gyaɗi-Gyaɗi, a wata rumfar kwano kusa da gidan da muke haya. Siyasa ta dawo, gari ya cika da fastoci da kiɗa. Ni abin da ta kawo mini shi ne manyan riguna da ake so a sa musu sitati, da kuma wata fargaba da ta hana abinci zama a cikina. Babban ɗana ya fara bin 'yan jagaliya, samarin nan da ke rataye a jikin motocin 'yan siyasa da gora da wuƙa suna ihu.

Ya gama sakandare, babu aiki, babu halin ci gaba da karatu. A da yakan taya ni ɗauraya da shanya. Sannu a hankali ya janye, sai dai in ga wucewarsa da jajayen idanu. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi. A ƙauyen da na taso ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi. “Kai” nake ce masa, in kuma ina maganarsa in ce “yaron nan”. Uwarsa ta fi ni kunyarsa. Ƙanena ne ke yi masa faɗa a madadinmu, shi kuwa ya koma gida noma. Sai ya zama muna kallon yaro yana lalacewa a gabanmu, mu biyu babu mai iya buɗe baki.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, a wata firamare a Tarauni. Malaminmu saurayi ne, ni ina ce masa Malam, shi yana ce mini Baba. Wata rana ya tsaya a kaina ya ga ban rubuta komai ba.

“Baba, yau fensirin ne ya yi yaji?”

Da aka tashi na tsaya na gaya masa. Ashe shi ne shugaban wata ƙungiyar samari da ke yashe kwatoci da damina, suna kuma sare ciyawa a maƙabarta.

“Kawo mana shi,” in ji shi. “In hannunsa ya saba da shebur zai manta da gora.”

Yaron bai ƙi ba, don akwai abokan ƙwallonsa a ciki. Ranar Asabar yana aikin gayya, sauran ranaku yana wurin ogansa na jagaliya. Ni dai ko hakan na gode wa Allah.

Da damina ta kankama aka sa ranar karɓar sababbin 'yan ƙungiya. Uban ƙungiyar wani Alhaji ne tsoho, ya yi shekaru yana fataucin murjani da tsakiya da duwatsun ado a kasuwar Kurmi kafin idonsa ya raunana. Yana da ragowar duwatsu a gwangwani. Shi da Malam suka shirya a kai wa maƙeri ya ɗora su a kan zobban azurfa, kowane sabon yaro a ba shi ɗaya, kowane launi da halin da yake tunatarwa. Fari gaskiya, kore zumunci, shuɗi riƙon amana, ja haƙuri. Malam ya ce ba halin da yaro yake da shi za a duba ba, wanda ya rasa za a ba shi, don ya riƙa gani a hannunsa yana tunawa. Kuma uba ne zai sa wa ɗansa.

A filin makarantar aka yi. An kafa rumfa, an jera kujerun haya, lasifika tana ta ƙara kamar za ta fasa kunne. A kan katanga kuwa 'yan jagaliya ne suka jeru suna karkaɗa ƙafa, sun zo kallon abokinsu. Aka kawo zobban a faranti an rufe da farin ƙyalle. Liman ya yi addu'a, da ya shafa sai ya tofa a kan farantin, yadda ya saba tofawa a ruwa ko a kan jariri. Babu wanda ya ɗauki abin da wata ma'ana a cikin rumfar.

Alhaji ya karɓi lasifika yana ɗaga zobban ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan kore wani ya ɗaga murya daga baya.

“Alhaji, zumurrudu ne?”

“In zumurrudu ne za ka gan ni a nan ina shan rana da kai?”

Aka yi dariya. Sannan ya ɗaga jan, ya ce sunansa aƙiƙ. Ya sa aka aro masa wuƙar mai rake da ke bakin ƙofa. Ya dafa zoben a kan tebur, ya goga kaifin wuƙar a kan dutsen, ya danna, ya sake gogawa har tebur yana motsi. Ya miƙa wa na kusa da shi suka duba, babu ko ɗan zane.

“Haka mai haƙuri yake,” in ji Alhaji. “A zage shi, a tsokane shi, ya tashi babu tabo a zuciyarsa.”

Samarin kan katanga suka ɗauki fito da ihu, wani har ya diro yana buga ƙafa. Ni na ɗauka maganar Alhaji ce ta shige su, har na ji daɗi.

Jan aka ba ɗana. Da aka kira mu na fita ina kallon ƙasa. Rabon da in riƙe hannunsa tun yana rarrafe. Na ji tafin ya yi kauri, yatsun sun fi nawa tsawo. Na zura masa zoben ban dube shi ba.

“Na gode, Baba,” ya ce a hankali.

Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Uwarsa ce ta fara lura. Wata safiya ta kawo mini koko ta tsaya ba ta tafi ba.

“Malam, zoben nan na yaron nan, wane irin zobe ne?”

“Na ƙungiya ne. Na haƙuri.”

“To ba ya shiga banɗaki da shi, sai ya cire ya naɗe a tsumma. Jiya ƙanwarsa ta kai hannu za ta taɓa, ya kusa marinta. Wai hannun mace yana karya shi.”

Na ajiye kokon ban ƙarasa ba. Da rana wani ɗan acaɓa da nake yi wa wanki ya zo karɓar kayansa, yana washe baki.

“Baba, ashe haka kake? Shiru-shiru, ka je ka dafa yaronka.”

“Na dafa shi da me?”

“Haba Baba, har ni za ka ɓoye wa? Gari duk ya ɗauka. An ce a gaban jama'a aka gwada, wuƙa ta ƙi ci, liman ya tofa, kai da kanka ka sa masa. Yanzu ƙarfe ba ya kama shi. Ni ma a taimaka mini da ko ƙarami ne, saboda masu ƙwacen babur.”

Sai a lokacin na gane ihun kan katanga. Su wasan tauri suka gani. Sun taso suna kallon 'yan tauri suna goga wuƙa a ciki tana lanƙwashewa, ga shi an goga a gabansu, ga tofin liman, ga uba ya sa wa ɗa da hannunsa. Bayanin haƙuri kuwa sun ɗauke shi abin da ake faɗa don mutane.

Na bar guga na tafi wurin Malam. Ya dafe kai.

“Shi ya sa! Kwanan nan samari ke ta zuwa wai suna son shiga ƙungiya, kowa ja yake so. Masu fari har musaya suke nema. Ni ina ta murna.”

Ya tara su ranar Asabar ya yi musu bayani, ya rantse, ya maimaita. Suka gyaɗa kai. Da yamma na ji ɗana a zaure yana gaya wa abokinsa.

“To da me kake so ya ce? Ya hau lasifika ya ce magani ne? Ai na gaskiya ba a tallansa.”

Na je gidan Alhaji. Tsohon ya yi salati, ya sa aka kira yaron, ya zaunar da shi a gabansa.

“Ɗana, ni na sayi dutsen nan da hannuna, cikin buhu, tare da ɗaruruwan irinsa. Mata ke saye suna ɗaurawa a wuya. Wallahi babu komai a cikinsa. In ma zai zame maka fitina, kawo shi in ba ka fari.”

Yaron ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ce a yi masa haƙuri, kyautar ubansa ce. A hanya yana gabana ina bayansa, na ga yana murza zoben yana murmushi. A ganinsa, tunda Alhaji ya nemi a mayar masa, ke nan abin yana da daraja. Liman ma ya yi magana bayan sallar asuba, ya ce dogara da dutse hanya ce ta shirka. Aka ce liman ya ji tsoron manya ne. Duk wanda ya ƙaryata sai ya ƙara wa zoben ƙarfi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ogansu ya yarda, ko kuma ya ga amfanin yarda. Da can yaron a baya yake, fasta yake riƙewa. Yanzu shi ake sawa gaba, shi ke fara dira daga mota. Ina wanki ina ganin rigunansa a igiya, ina duba ko akwai huda. In na ji gudu a layi sai hannuna ya tsaya cikin kumfa. A aji Malam ya daina tambayata abin da ya hana ni rubutu.

Sai maganar tafiya ta taso. Ɗan siyasar da suke bi zai je garinsu a yi masa walimar cin zaɓe, ɗaya ɓangaren kuma sun rantse ba zai shiga garin ba. Kowa ya sani. Masu kawo mini wanki a rumfata suke hirar, wasu rigunan da za a sa a tafiyar ma ni na goge su. Wani yana karɓar babbar rigarsa yake cewa, “Ai wannan karon akwai yara a gaba, akwai wani ma da ƙarfe ba ya ci.” Bai san da uban yaron yake magana ba. Na naɗe masa rigar na miƙa masa da hannu biyu.

Na yi ta shirya maganar da zan yi wa yaron. Abin da na iya cewa kawai shi ne, “Kai, tafiyar nan ba alheri.” Ya ce, “Ba komai, Baba, ai ka riga ka gama mini komai.” Har cikin ransa godiya yake yi mini.

Ranar tafiyar an kwana ana ruwa, da hantsi ya ɗauke. Ina hura gawayi sai ga uwarsa a bakin rumfa, ita da ba ta taɓa tako wurin sana'ata ba, mayafinta a karkace.

“Malam, ya ɗauki wuƙa ya fita. Motarsu tana wajen Unguwa Uku.”

Ban tuna yadda na isa ba, na dai san takalmina ɗaya ya tsinke a taɓo na bar shi. Bas ce fara a gefen titi, samari sun cika ta har saman, wasu suna ƙasa suna rawa, mai kalangu yana zuga su. Warin wiwi ya cika wurin. Wani ya hango ni.

“Kai jama'a, ga Baban mai zobe!”

“Baba, a sa mu a layi mana!”

“Baba, ni ko na roba ne a tofa mini!”

Ogansu ya taso, wani ƙato mai tabo a goshi, ya ɗan rusuna.

“Dattijo, lafiya? Addu'a aka zo yi mana?”

Ɗana yana bakin ƙofar mota, ya ɗaure kai da jan ƙyalle. Ya gan ni ya kau da fuska. Na ce “kai”, hayaniya ta cinye. Na sake cewa, bai juyo ba. Sai na kira sunansa da ƙarfi, sunan mahaifina, wanda bai taɓa fita daga bakina ba tun ranar da aka raɗa masa. Ya juyo a firgice, ya sauko.

“Ba ni zoben in gani.”

Ya tsaya yana kallon ogansa.

“Ba shi mana,” in ji ogan. “Ba shi ya sa maka ba? Ƙara masa ƙarfi zai yi.”

Ya zare ya ba ni. Na zura a ɗan yatsana.

“Ba ni wuƙar.”

Wurin ya kaure da ihu. Suka ja baya suka yi da'ira, mai kalangu ya matso ya canza kiɗa. Sun ɗauka wasa zan yi musu. Ɗana ya zaro wuƙar daga ƙugunsa ya miƙo mini ta ƙota, fuskarsa cike da alfahari. Ban taɓa ganin ya dube ni haka ba.

Ni mutum ne da ko allura za a yi mini sai na rufe ido. Na naɗe hannun rigata na hagu, na ɗaga hannun yadda kowa zai ga zoben, na yi bisimilla, na ja wuƙar a kan damtsena. Na yi niyyar ɗan yanka kaɗan. Ban san ya kwana yana wasa ta ba. Naman ya buɗe fari, sannan jini ya taho.

Kiɗa ya tsaya.

“Ka gani?” na ce masa. “Dutse ne. Dutse ne kawai, na ado. Ka gani ko ba ka gani ba?”

Jini yana bin gwiwar hannuna yana ɗiga a taɓo. Sai ogan ya yi tsaki.

“Dattijo, ai ba da sunanka aka haɗa ba. Kowane magani da mai shi.”

“Gaskiya ne!” in ji wani. “Na wani ba ya yi wa wani!”

Na dubi fuskar ɗana ina neman ko alamar shakka. Ya gigice, amma na ga maganar ogan ta zauna masa daram. Na yanka kaina a banza. Na zauna a cikin taɓon.

Direba ya danna ham. Ogan ya ce, “A shiga, rana tana yi. Wani ya kai tsohon kemis. Kai, taho.”

Ɗana ya kwance ƙyallen kansa yana ɗaure mini hannu, ƙyallen ya jiƙe nan take. Ya cire rigarsa ya ƙara.

“Oga, ku je, zan biyo ku.”

“Ka biyo mu a ina? Kai ne a gaba, ka sani. Shigo mu tafi!”

“Babana ne, Oga.”

“To uban wa ya ce ya yanka kansa?”

Yaron ya ci gaba da ɗaure mini hannu. Ni kuwa na kama wuyan hannunsa da hannuna mai lafiya na riƙe, riƙon da ban san ina da ƙarfinsa ba. Ogan ya zage mu ni da shi, ya buga ƙofa. Motar ta tashi ta watsa mana ruwan taɓo.

A acaɓa muka tafi, ni a tsakiya, shi a baya ya rungume ni kada in faɗi. Mai kemis ya leƙa ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai ɗinki. A asibiti wata nas mai faɗa ta karɓe mu.

“Baba, da furfurarka kake wasan tauri? Me ka bar wa yara?”

Da za ta wanke hannun ta ce a cire zoben. Ɗana ya zare shi daga yatsana, ya goge jinin a wandonsa, ya mayar a nasa. Ina kallo.

Waɗanda suka tafi sun dawo washegari, wasu da ɗauri a ka, ɗaya an bar shi a can a kwance. Na ɗauka wannan zai girgiza shi. Na ji shi a zaure yana cewa, “Da ina nan da ba haka ba.”

Amma ga kaya sun taru a rumfa, masu su suna aike, ni kuma ko bokiti ba na iya ɗagawa. In ba a yi wanki ba babu abin da za a ɗora a murhu, wannan ko shi ya sani. Ba wanda ya roƙe shi. Da safe na fito na tarar ya jiƙa kaya. Na zauna a benci da hannu a rataye ina nuna masa wadda ake sa wa bula da wadda ba a murzawa da ƙarfi. Daga hantsi har la'asar yana tsugune, in ya gama ya hau guga, in magariba ta yi ko tuwo da ƙyar yake ci don gajiya. Yaran ogan sukan zo su tsaya daga nesa.

“Mai zobe, an koma wankau ke nan?”

“Hannun tsoho ya warke tukuna,” yake ce musu. “Ina nan zuwa.”

Kullum haka yake faɗa, kuma na san da gaske yake.

Aka cire zaren ɗinki. Ciwon ya kame, ya fara ƙaiƙayi, ya bar dogon tabo. A ɗaki in babu kowa nakan dunƙule hannun in buɗe, in ji ƙarfinsa ya dawo sarai. In zan fito sai in mayar da shi cikin maratayi, in an taɓa ni in ɗan yamutsa fuska.

Uwarsa ce ke canza mini bandeji kowace safiya. Ran nan ta kwance, ta juya hannun wajen hasken taga, ta danna tabon da yatsa.

“Malam, ai hannun nan ya warke.”

“Naɗa.”

Ta dube ni. Daga waje muna jin ƙarar bokiti, yana juye ruwa a baho. Ta jawo sabon bandeji ta fara naɗawa, ta yi masa kauri fiye da na jiya.